Na yanki tikitin Umara, farashi ya faɗi bayan na biya: zan iya karɓar rarar?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Daga Daura nake rubuto muku. Na yanki tikiti biyu na zuwa Umara, nawa da na mahaifiyata, daga Kano zuwa Jidda da dawowa, ta hannun wani ejan a cikin garin Katsina, kowane ɗaya naira 1,150,000. Saura mako bakwai mu tashi. Kwana goma sha biyu da biyan kuɗin sai na gani a intanet, kamfanin nan dai, ranar nan dai, ana sayar da tikitin naira 960,000. Na kira ejan, ya ce in za a taɓa tikitin akwai tarar dala 100 ta canji, in kuwa sokewa ce dala 150, ban da ladan ofishinsa. Ƙanena da ke Amurka ya ce su can ba a biyan kuɗin canji, kuma in farashi ya sauka kamfani na ajiye musu rarar. Shin ejan ne yake rufe ni, ko yaya abin yake? Naira 380,000 ba kuɗin wasa ba ne a wurina.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki nauyin tafiyar Hajiya, ya kai ku lafiya.

Kafin komai, kada ka sa a soke tikitin nan yau, kada kuma ka sayi sabo. Yawancin asarar da ake tafkawa a irin wannan hali ba daga faɗuwar farashi take zuwa ba, daga gaggawa take zuwa. Mutum ya ga araha, zuciya ta ɗebe shi ya ce a soke, kafin kuɗinsa su dawo arahar ta wuce, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Maganar da za mu faɗa maka ba mai daɗin ji ba ce, amma gara ka ji ta da wuri. Saukar farashi bayan ka biya ba bashi ba ne a kan kamfanin jirgi. In ka sayi buhun gero a kasuwar Mai'aduwa, kasuwa ta gaba farashi ya karye, ba ka komawa wurin mai hatsi neman ciko, kamar yadda shi ma ba zai biyo ka gida ba in gero ya yi tsada. Abin da ke ba ka damar cin moriyar sabon farashin shi ne sharuɗɗan da ke manne da tikitinka, da kuma lissafi. A lissafin da ka kawo mana, barin tikitin yadda yake ya fi maka. Amma akwai abubuwan da ya kamata ka duba tukuna, don ba mamaki ɗaya daga cikinsu ya juya maganar.

Mu fara da zargin da kake yi wa ejan, tunda shi ne ya fi cin ranka. Ba sai an yi cacar baki ba, takarda ce za ta raba gardama. Ka ce ya turo maka cikakken rasit ɗin tikitin, ba takardar da ke nuna rana da lokacin tashi kaɗai ba. Cikakken rasit yana ɗauke da lambar tikiti mai alƙaluma 13, uku na farko su ne lambar kamfanin: 065 na Saudia ne, 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways. A ƙasa za ka ga layin ainihin kuɗin kujera, galibi da dala, sai abin da ya kama da naira a ranar da aka yanka, sai jerin haraji kowane da haruffa biyu a gefensa, sai jimla. Ka gwada jimlar nan da abin da ka tura masa. In ka ga bambancin dubu ashirin ko talatin, ladan aikinsa ne, kuma halas ɗinsa ne matuƙar bai ɓoye ba. In kuwa rasit ya nuna, misali, naira 980,000 alhali ka biya 1,150,000, to ashe ba farashi ne ya faɗi sosai ba, riba ce aka ɗora maka mai nauyi, kuma maganarka da shi ce, ba da kamfanin jirgi ba.

Wani lokaci a gurbin kuɗin kujera sai ka ga an rubuta IT ko BT kawai, babu adadi. Wannan alama ce ta farashi na musamman da kamfani ya ba masu shirya tafiye-tafiye, irin wanda masu jirgin yawo ke amfani da shi in sun sayi kujeru da yawa a lokaci guda. Irin wannan tikiti ya fi kowane tsaurin sharaɗi, sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa sam, kuma ko an mayar ta hannun wanda ya sayo kujerun zai biyo. In naka irinsa ne, maganar rara ta ƙare daga nan.

A rasit ɗin dai akwai wani ɗan layi na gargaɗi da mutane ba su cika karantawa ba. In ka ga NONREF, ma'anarsa ba a mayar da kuɗin kujera in kai ne ka fasa. Sannan ka roƙi ejan ya buɗe sharuɗɗan farashin a na'urarsa ya ɗauko maka hoton sashen da ya yi maganar tarar canji da ta sokewa, wato sashe na 16. A nan ne za ka ga dala 100 da dala 150 ɗin nan rubuce, in dai daga kamfani suke. Ejan mai gaskiya ba zai ji nauyin turo wannan ba, minti biyu ne. Kuma ka sani, adadin da ya faɗa maka bai fita daga abin da aka saba gani a tikitin ƙasashen waje masu araha ba, saboda haka kada ka yanke masa hukunci kafin ka ga takarda.

Sai kuma ita arahar da ka gani. Ka tabbatar abu ɗaya ne da wanda ke hannunka, don a nan ne ido ya fi yaudarar mutum. Kujerun baya na jirgi duk iri ɗaya ne in ka shiga, amma a wurin sayarwa an kasa su rukuni-rukuni, kowane da harafinsa. Y shi ne mai cikakken farashi, sauran haruffa kamar M, K, Q, V suna sauka ƙasa, tsarin ya danganta da kamfani. Kowane rukuni kujeru ƙalilan ake ware masa, na'ura ce ke buɗewa tana rufewa gwargwadon yadda jirgin ke cika. Idan ta ga ciniki ya ja baya sai ta saki 'yan kujeru a rukunin ƙasa. Ba mamaki kujera ɗaya tak ce ta rage a naira 960,000. Ka koma shafin ka sa fasinja biyu, ka ga ko farashin zai tsaya. Sau da yawa da ka sa biyu sai duka su haye rukunin sama, domin na'ura ba ta raba mutanen da ke cikin rajista ɗaya zuwa farashi biyu. Kuma ka bi shafin har zuwa wurin da ake neman lambar kati, domin shafukan da ke tattaro farashi kan nuna tsohon adadi, sai a matakin ƙarshe gaskiya ke fitowa.

Ka duba awon kaya. Tikiti mai jaka biyu na kilo 23 kowace ba ɗaya yake da mai jaka ɗaya ba, kuma wanda ya san dawowa daga Umara da dattijuwa ya san tsaraba ba ta tsayawa a jaka ɗaya: dabino, jallabiyoyin jikoki, darduma, turare. Kuɗin ƙarin jaka ɗaya a filin jirgin Jidda na iya cinye rabin rarar da kake hange. Ka duba yada zango. Rana ɗaya da kamfani ɗaya ba ya nufin jirgi ɗaya, ana iya samun wanda zai ajiye ku awa uku a hanya da wanda zai ajiye ku awa goma sha huɗu. Kai za ka iya jure kwana a kan benci, Hajiya fa? A ganinmu ko da rarar ta tabbata, bai kamata a saye ta da wahalar uwa ba. Ka duba ranar dawowa ma, don mutane kan ƙura wa ranar tafiya ido su manta da ita.

Akwai wani dalili na saukar farashi da ya shafe mu mu 'yan Najeriya musamman, wato canjin dala. Farashin tikitin ƙasashen waje da dala ake ajiye shi, sai ranar yanka a juya shi zuwa naira. Duk wanda ya yi tafiya a 2023 ya ga yadda abin ya kasance: bayan sakin naira a watan Yuni na shekarar, ga kuma kuɗin kamfanonin waje sama da dala miliyan 800 da suka maƙale a ƙasar, ga kamfanoni dama sun riga sun rufe rukunan araha, tikiti ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 da aka biya mafi yawan kuɗin aka sake buɗe rukunan, farashi ya sauko. To idan naira ta ɗan farfaɗo tsakanin ranar da ka biya da yau, za ka ga tikiti ya sauka da naira alhali da dala bai motsa ba. Gwada layin dala na rasit ɗinka da na sabon farashin zai nuna maka. In dalar ɗaya ce, canza tikiti da wuya ya fitar maka da ko sisi.

Yanzu mu zauna mu yi lissafin, a kan tikiti ɗaya. Mu ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce don sauƙin lissafi, kai sai ka sa canjin ranar da za a yi aikin, domin da shi za a caje ka tara, ba da na ranar da ka saya ba. Mu kuma ɗauka ladan ejan naira 15,000 ne.

Hanya ta farko ita ce canji: a bar rajistarku yadda take, a sake yanka tikitin a kan sabon farashi. Rara naira 190,000. Cire tarar dala 100, wato 150,000, saura 40,000. Cire ladan ejan, saura 25,000. Ko wannan 25,000 ɗin ma sai in sharuɗɗan sun yarda a mayar da rara. Da yawa daga cikin farashin araha an rubuta a cikinsu cewa sabon tikiti dole ya yi daidai da tsohon ko ya fi shi tsada, ko kuma in ya gaza, rarar ta zama ta kamfani. In haka naka yake, ka ga za ka fitar da naira 165,000 daga aljihu don a ba ka kujerar da dama taka ce. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ka yi wa ejan ita kai tsaye: in sabon farashi ya gaza tsohon, ana mayar da rarar ko ana cinye ta, in ana mayarwa kuɗi ne ko bauca, wato takardar da za a iya sayen wani tikiti da ita a kamfanin?

Hanya ta biyu ita ce a soke gaba ɗaya a sayi sabo. Tarar dala 150 ta kama naira 225,000, da ladan ejan 240,000. Rarar kuwa 190,000. Ka yi asarar 50,000 a kowane tikiti, 100,000 a biyun. Wannan ma in komai ya dawo ke nan. A jerin harajin nan za ka ga wani mai suna YQ ko YR, wanda ba harajin gwamnati ba ne, ƙari ne da kamfani ke ɗorawa da kansa, kuma a wasu tikitocin yana da kauri sosai. A farashin da ba a mayarwa, sau da yawa shi ma ba ya dawowa, harajin gwamnati da na filin jirgi kawai ake sakin maka. Ban da wannan, sai ka nemo naira 1,920,000 a hannu ka sayi sababbin tikiti biyu kafin tsofaffin kuɗin su dawo, kuma ba asusunka za su faɗo kai tsaye ba. Tunda ta hannun ejan aka yanka, ta asusunsa za su biyo, bayan kamfani ya amince, abin da kan ɗauki makonni. Shi ya sa ma in ka je ofishin kamfanin a Kano za su ce ka koma wurin wanda ya yankar maka. Ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake, wanda ya yanka shi ke da ikon taɓawa.

Maganar bauca kuma tana buƙatar a tsaya a kanta, don mutane kan ɗauke ta tamkar kuɗi. Bauca da sunan fasinja take fita, ba da sunan wanda ya biya ba. Rabin rarar da kake magana a kai da sunan Hajiya zai fito, kuma a yawancin kamfanoni ba a juya ta ga wani. Tana da wa'adi, galibi shekara ɗaya, wani lokaci daga ranar da aka yanki tikitin farko ake fara ƙirga, ba daga ranar da aka ba ka ita ba. A kamfanin da ya bayar kaɗai take aiki. Akwai wadda in ka yi amfani da wani ɓangare, ragowar ta tafi. To ka tambayi kanka tsakani da Allah: Hajiya za ta sake hawa jirgin wannan kamfani cikin shekara guda? In amsar a'a ce, baucarta takarda ce kawai.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ranar 30 ga Agusta 2020, lokacin da korona ta durƙusar da harkar jirage, kamfanin United ya sanar da janye tarar canji ta dala 200 da yake karɓa a tafiye-tafiyen cikin Amurka, washegari Delta da American suka bi sahu, daga baya aka faɗaɗa zuwa tafiyar ƙasashen waje da ta faro daga can. Southwest kuwa dama can bai saba karɓar wannan tara ba. Tunda babu tara, in farashi ya sauka mutum na iya shiga manhajar kamfani ya sake zaɓar jirgin nan dai a sabon farashi, rarar ta koma masa bauca. Amma ka lura da iyakokin abin. Ba doka ba ce, ra'ayin kamfanoni ne, suna iya sauyawa. Bai shafi tikiti mafi araha da suke kira Basic Economy ba. Ba kuɗi ake bayarwa ba, bauca ce mai wa'adi. A mafi yawan lokuta ba kamfani ne ke neman mutum ya ba shi ba, shi ne zai sa ido ya nema. Kuma abin da ya fi shafarka, inda tafiyar ta faro ake dubawa. Ko a kamfanonin nan na Amurka, tikitin da ya faro daga Legas yana iya zuwa da tararsa, balle na Kano zuwa Jidda a wani kamfani dabam.

Abin da yake doka a can shi ne ƙa'idar awa 24 ta ma'aikatar sufurin Amurka: wanda ya sayi tikiti kai tsaye daga kamfani, saura mako ɗaya ko fiye a tashi, kamfanin zai ba shi damar fasawa cikin awa 24 ba tare da tara ba, ko ya riƙe masa kujera a kan farashin na tsawon awa 24 kafin ya biya. Wannan ta shafi jiragen da ke tashi daga Amurka ko sauka a cikinta ne. Tafiyarku ba ta ciki.

A nan gida, dokokin kare fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, suna cikin sashe na 19 na ƙa'idojin sufurin jiragen sama, kuma ƙarfinsu yana wurin da laifin ya fito daga kamfani: soke tashi, jinkiri mai tsawo, hana mutum hawa alhali yana da tikiti, ɓatan kaya. A irin wannan hali, in kuɗi za a mayar, wanda ya biya da tsaba ana ba shi nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet cikin kwana 14. Ba su tilasta wa kamfani ya biya rara don farashi ya sauka ba, don haka kai ƙara kan wannan ɓata lokacinka ne. Amma in aka riƙe maka kuɗin da ya tabbata haƙƙinka ne, hukumar na da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi, har da na Malam Aminu Kano, ka je da rasit da duk saƙonnin da kuka yi.

Daga nan ne wata ƙofa take buɗewa, wadda ya kamata ka sa wa ido cikin mako bakwai ɗin nan. Kamfanoni kan sauya jadawalinsu. Idan kamfani da kansa ya soke jirginku, ko ya matsar da lokaci da awoyi masu yawa, ko ya sauya ranar, to ba kai ka fasa ba, tarar nan ta faɗi. A lokacin kana da zaɓi: a mayar da ku wani jirgi kyauta, ko a mayar da kuɗin duka. In a ranar farashi yana ƙasa, sai ka karɓi kuɗinka ka sayi sabo, rarar gaba ɗaya ta zama taka ta hanyar da ba ta da wata ƙura. Awa nawa ne ke kai wa ga wannan haƙƙi, kowane kamfani da ma'auninsa, sauyin minti ashirin ba ya kaiwa. Abin da ke lalata wannan dama shi ne saurin amincewa. Saƙo zai shigo ta imel da maɓallin amincewa da sabon lokaci, da ka danna shi ke nan, ka karɓa. Kuma sau da yawa imel ɗin ejan ne ke cikin rajistar, ba naka ba, sai wani yaron ofis ya amince a madadinku ba tare da ya kira ka ba. Ka gaya wa ejan tun yanzu, kowane sauyi ya zo kada a amsa sai an tuntuɓe ka. Ka kuma shiga shafin kamfanin da lambar rajistarku, haruffa da alƙaluma shida da ke saman takardar, tare da sunan da aka rubuta a gurbin sunan mahaifi, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka in shafin ya ba da dama. Da wannan shigar za ka kuma tabbatar cewa tikitin an yanke shi da gaske, ba riƙe kujera kawai aka yi ba.

Tunda za a buɗe sashe na 16 ɗin nan, ka sa a karanto maka abu biyu da suka fi rarar nan hatsari. Na ɗaya tarar rashin zuwa. Wanda jirgi ya tashi ya bari bai sanar ba, tararsa ta fi ta canji nauyi, wani lokaci tikitin ne gaba ɗaya ke ƙonewa, kuma in ka rasa jirgin tafiya na'ura na soke na dawowa da kanta. Wasu kamfanoni na ɗaukar mutum a matsayin wanda bai zo ba ko da ya sanar, in sanarwar ta zo cikin 'yan awoyin ƙarshe. Daga Daura za ku taso, ga hanyar Kazaure ga cunkoson shiga Kano, in jirgin safe ne ku kwana a Kano. Na biyu, abin da sharuɗɗan suka ce game da rashin lafiya ko rasuwa, Allah ya kiyaye. Kamfanoni da yawa na yafe tara in rasuwa ce ta fasinja ko ta makusancinsa, da takardar shaida, amma rashin lafiya ba kowa ke yafewa ba. Mai tafiya da dattijuwa ya kamata ya san wannan tun kowa na lafiya.

In kuma farashi ya ƙara faɗuwa har lissafi ya juya, ga yadda ake yi ba tare da an yi ɓarna ba. Ka je ofishin da kanka ko ku kasance a waya, a yi komai a zama ɗaya. Ejan ya fara tabbatar da kujeru biyu a sabon rukunin, ya fitar da lissafi a rubuce: tara nawa, rara nawa, ladansa nawa, me zai dawo, ta wace hanya, zuwa yaushe. Sai ka amince sannan ya taɓa tsohon tikitin. Kada ka je ta bayan fage ka kama wasu kujerun a jirgin nan dai da sunayenku alhali na farko na nan, domin na'urar kamfani na farautar suna ɗaya da ya fito sau biyu a jirgi ɗaya, tana iya soke ɗaya, kuma ba lallai wanda kake so ta soke ba. Bayan an gama ka karɓi sabon rasit, ka ga sabuwar lamba mai alƙaluma 13, ka gwada rubutun sunaye da na fasfo harafi bayan harafi. Ka sake neman keken guragu na Hajiya in da an nema, da kujerun da kuka zaɓa kusa da juna, don irin waɗannan buƙatu kan zube in an sake rajista. In ejan ɗin ne ya haɗa muku biza da masauki a Makka da Madina, kada a matsar da rana ko da kwana ɗaya sai an duba su, kar a tsira da dubu hamsin a jirgi a biya dubu ɗari a otal.

Don gaba, lokacin da mai saye ke da ƙarfi shi ne kafin ya biya da kuma ranar da ya biya. Ejan na iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci ba tare da an yanka ba, ka yi amfani da wannan ka gwada farashi a wurare biyu ko uku. A yawancin kamfanoni kuma yana iya share tikiti daga na'ura a ranar da ya yanke shi, kafin sha biyun dare, kamar ba a taɓa yanka ba, babu tarar kamfani. Da a yammacin ranar ka ga arahar nan, da magana ta ƙare cikin sauƙi. Google Flights na da wurin da za ka sa ya riƙa turo maka saƙo in farashin wata hanya ya motsa, ka kunna shi makonni kafin ka saya. In tafiyar ba ta da tabbas, misali biza ba ta fito ba ko ana jiran sakamakon asibiti, ƙara kuɗi a sayi rukunin da ake canzawa kyauta ya fi araha a ƙarshe. Haka abin yake ko a jirgin gida daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Abuja: ka tambayi kuɗin sauya rana da tarar rashin zuwa kafin ka tura kuɗi.

Kai dai a yanzu, ga ma'aunin da za ka riƙe. In sharuɗɗan sun ce ana cinye rara a canji, sokewa ce kaɗai hanyarka, kuma ba za ka fara cin ko kwabo ba sai farashi ya sauka ƙasa da naira 910,000, in har YQ na dawowa. Mu ba za mu ba ka shawarar motsawa ba sai ya kai wajen 830,000, kujera biyu, jaka iri ɗaya, zango iri ɗaya, kuma kana da kuɗin sayen sabo a hannu ba tare da ka taɓa guzurin tafiya ba. Idan ya rage mako biyu ku tashi, ko nawa ya koma kada a taɓa tikitin.